Wasiƙa zuwa ga Malam Habu a kan yi wa kwamfuta kwalliya

Kano

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya zaman Maleshiya da ruwan samansu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ranar Juma'a na leƙa gida na gaida Baba da Inna, duk suna nan ƙalau. Inna ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, don a hoton da ka turo musu ta ga ka rame.

Saƙonka ya iso, har da hoton fuskar kwamfutar da ka gani ta burge ka. Da farko dai na ji daɗi ƙwarai da ka ɗora Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan tsohuwar laftof ɗinka maimakon ka ci bashi ka sayi sabuwa. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ta ce sai mai na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sabon firosesa, kwamfutoci masu lafiyar gaske aka bari a baya. Mint 22 da ka sa za a ci gaba da sabunta ta har 2029, ka ga in Allah ya yarda za ka gama digirinka ka dawo gida ba ta tsufa ba.

Ka tambaye ni ko taka za ta iya komawa kamar wadda ke hoton, wato kamannin Mac, da jerin alamomin manhajoji a ƙasa da tagogi masu shara-shara. Za ta iya, kuma ban ga laifin son haka ba. Mutumin da zai zauna gaban allo tun hantsi har tsakar dare yana rubutu ya cancanci ya riƙa kallon abin da ransa ke so. Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar amsa shi ne kundin bincikenka yana cikin wannan kwamfutar, kuma kana can inda ba zan iya miƙa hannu in karɓa in gyara ba.

Ka ɗauka gidan haya ka shiga. Ɗakinka naka ne, ka yi fenti, ka rataya labule, ka shimfiɗa darduma, ka canza duk ranar da ka ga dama. Ginshiƙi da wayoyin cikin bango kuwa ba a taɓa su don neman kyau. Haka Linux take. Akwai jakar gida, wadda take da sunanka, akwai kuma tushen manhajar, wanda ba ka iya shiga sai ka rubuta sudo, wato umarnin neman izini, ka sa kalmar sirri. Kusan duk kwalliyar da kake so tana iya zama a jakar gida. Ka buɗe ta ka danna Ctrl da H, ɓoyayyun jakunkuna za su bayyana, waɗanda sunansu ya fara da ɗigo. Salon ado na tagogi ka zuba shi a .themes, alamomin manhajoji a .icons, haruffa kuma a .local/share/fonts. In babu jakar, ka ƙirƙira da kanka. Duk abin da ka zuba a nan, ranar da ya ba ka matsala sai ka goge shi, kwamfutar ta koma yadda take, ba ta san an yi ba. Shi ya sa duk kwalliyar da ta nemi kalmar sirrinka, ka dakata ka tambayi kanka me launin taga yake nema a tushe.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini laftof shago, idonsa ja, washegari zai miƙa aikinsa. Ana kunna ta sai baƙin allo, ɗan ƙaramin layi fari yana ƙyaftawa a kusurwar hagu ta sama, shi ke nan. Na tambaye shi me ya yi na ƙarshe. Ya ce shi bai yi komai ba, hoton da ke fitowa lokacin tashi kawai ya so ya canza. Ya kwafo dogon layi daga intanet, mai farawa da sudo, ya liƙa a taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya danna, bai karanta ba. Layin ya ƙaro wata ma'ajiyar manhajoji ta wani mutum, ita kuma ta maye gurbin wasu fayilolin tushe da nata, waɗanda aka yi don wani sigar daban. Sai da na tayar da ita da filash, na fara kwashe masa takardunsa, sannan na bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa. Mun kai magariba. Duk wannan wahalar saboda hoton da ba ya wuce ƴan daƙiƙu a kan allo. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka buɗe Timeshift. Tana nan cikin Mint tun asali, masu Mint ne ma ke kula da ita yanzu. Aikinta ta ɗauki hoton tushen manhajar yadda yake a yau, in abu ya lalace gobe ka mayar da shi. Ko kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, filash ɗin da ka ɗora Mint da shi yana ɗauke da Timeshift, sai ka tashi da shi ka mayar. Don haka kada ka goge wannan filash ɗin ka zuba wani abu, ka ajiye shi a aljihun jakarka. Sai dai ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa: Timeshift ba ta ɗaukar takardunka. Da gangan aka tsara ta haka, don kada ka mayar da tushe zuwa na makon jiya, rubutun da ka yi a makon nan ya tafi tare. Kundinka kai ne za ka riƙa kwafe shi a wani faifan na daban da kuma intanet. Wannan ina roƙonka da girman Allah ka yi shi yau, ko da ka fasa kwalliyar.

Bayan nan ka fara da abin da masu Mint suka tanada da kansu, domin shi suke gwadawa kafin kowace sabuntawa. A cikin saituna akwai wurin salon ado inda za ka zaɓi haske ko duhu ko gauraye, ka zaɓi launin da kake so. Layin nan na ƙasa mai ɗauke da agogo, kana iya mayar da shi sama, ka rage kaurinsa, ka cire abin da ba ka so. Jerin alamomin nan na ƙasa irin na Mac, akwai ƴar manhaja mai suna Plank a cikin ma'ajiyar Mint, daga nan za ka ɗauko ta, ba daga wani shafi ba. Da waɗannan kaɗai ka kai rabin hoton da ka turo. In ka ce sai tagogin ma sun yi kama da na Mac, akwai salon da ake kira WhiteSur, wanda na fi zaton shi ne a hoton. In ka girka shi ba tare da sudo ba, a jakar gidanka zai zauna. Allon shiga, inda kake sa kalmar sirri, Mint ta ba ka wurin canza hotonsa a saituna. Ka tsaya a nan.

Inda na fi so ka yi hattara shi ne ƙananan ƙare-ƙaren nan da ake liƙa wa fuskar kwamfuta, masu nuna yanayi, masu sa taga ta yi rawa in ka ja ta, masu sa bayan taga ya yi hazo. Mutum yana ganinsu kamar ado, alhali manhajoji ne masu gudana a cikin ita fuskar kanta. In ɗaya ya rikice, yana iya jan fuskar duka su faɗi tare. Masu amfani da GNOME, wata fuskar Linux daban da taka, sun ga haka a Satumban 2023 da GNOME 45 ta fito. An canza yadda ake haɗa rubutun JavaScript a cikinta, sai ya zama duk wani ƙari na baya ba ya aiki sai mai shi ya sake gyara shi. Wanda mai shi ya gaji ya bari, shi ke nan ya mutu. GNOME kuwa duk wata shida take fitar da sabuwa, Maris da Satumba, saboda haka wanda ya gina aikinsa a kan ƙari goma sha, kullum yana cikin jira.

Na KDE ma, su ma masu yin wata fuskar Linux, ya fi tayar da hankali. A Maris 2024, makonni kaɗan bayan fitowar Plasma 6, sabon sigar fuskar tasu, wani mutum ya sauke cikakken salon ado daga wurin da jama'a ke ɗora nasu, ta cikin saitunan kwamfutar ma ya sauke shi. Salon yana ɗauke da umarnin gogewa mai kuskure a ciki, ya share masa fayilolinsa. Waɗanda suka bincika sun ce ba da mugunta aka rubuta shi ba, kuskure ne, amma fayilolin dai sun tafi. Masu KDE suka fito suka gargaɗi jama'a cewa irin waɗannan salon suna iya gudanar da umarni, kuma ba kowanne ake tantancewa ba. Ka lura da wani abu a nan, wannan ɓarnar ba ta buƙaci sudo ba, domin takardun mutum nasa ne, duk manhajar da ya kunna tana iya taɓa su. Wato jakar gida tana kare tushe, amma ba ta kare kundinka daga abin da ke gudana. Hoto da launi da haruffa ba sa gudana, ka zuba su yadda kake so. Abin da ke gudana kuwa, ka rage shi iya ragewa.

Cinnamon, wato fuskar Mint ɗinka, ta fi GNOME sanyin hali a nan, amma ita ma ƙarin da ke cikinta mutane daban-daban ne suka rubuta. Ka ɗauko su ta cikin saituna, ka duba yaushe aka sabunta kowanne a ƙarshe, ka sa ɗaya, ka yi aiki da shi kwana biyu, sannan ka ƙara wani. In ka zuba biyar dare ɗaya abu ya rikice, ba za ka san wanne ne mai laifin ba. In fuskar ta daskare, ka danna Alt da F2, ka rubuta r, ka danna Enter, za ta sake tashi ba tare da ta rufe takardar da kake rubutawa ba. Wata dabara kuma da nake yi a shago: na buɗe wani asusu na biyu a kwamfutar, babu komai a cikinsa, duk abin da ban yarda da shi ba a can nake fara gwada shi. Salon nan na KDE da ya yi ɓarna, da a irin wannan asusun aka gwada shi, da bai sami abin gogewa da yawa ba.

Za ka ga wasu manhajojin sun ƙi bin salon da ka sa, sun tsaya da nasu launin. Galibi waɗanda aka ɗauko ta hanyar girkawa mai suna Flatpak ne, don a killace suke ba sa ganin jakar .themes, ko kuma sababbin manhajojin GNOME da aka gina da kayan aiki mai suna libadwaita tun daga 2022. Tun a 2019 wasu masu rubuta manhajojin GNOME suka yi buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kukan cewa salon da ake ɗora wa aikinsu yana ɓata shi, rubutu baƙi ya faɗa kan baƙi, maɓalli ya ɓace, sannan su ake kawo wa ƙara. Ni ina ganin suna da gaskiya a wannan. Akwai hanyoyin tilasta musu, amma shawarata ka ƙyale su. Taga ɗaya mai launi daban ba za ta hana ka karatu ba.

Sai batun haruffa, wanda ya shafe mu kai tsaye, kuma masu ɗora irin hotunan nan ba su san da shi ba. Yawancin kyawawan haruffan da ake yayi ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In ka sa irinsu, kwamfutar za ta aro harafin da ya ɓace daga wani salon, sai ka ga kalmar ƙarfe harafinta na farko ya fi sauran kauri ko ya karkace, wani lokaci ma akwati ne zai fito a madadinsa. A allo abin haushi ne, a kundin da za ka miƙa wa malamai kuwa abin kunya ne, tunda misalanka duka da Hausa suke. Kafin ka amince da kowane salon haruffa, ka rubuta ƙarfe, ɗaki, ɓera, ƴaƴa, da ƙanana da manya, ka zura ido. Noto Sans da DejaVu suna da su. Don rubutun kundi, Charis da Gentium na ƙungiyar SIL an yi su ne musamman saboda harsuna irin namu, kuma kyauta ne. Sannan ka shiga saitunan madannai ka ƙara tsarin Hausa na Najeriya, yana cikin jerin, ka huta da kwafo harafi daga wata takarda.

Shara-sharan tagogi da hazon nan kuwa, laftof ɗinka ta ɗan kwana biyu, kuma ka ce batirinta ba ya jimawa. Irin wannan adon yana sa injin hoto aiki ba hutu, fanka ta yi ta kuka, caji ya ƙare da wuri. Ka gwada ka gani, in ka ji ta fara ɗumi a cinya, ka kashe shi.

Idan ka gama ka samu yadda kake so, ka ɗauki sabon hoto da Timeshift, ka kwafe .themes da .icons da haruffanka a faifan da kake ajiye kundi. Daga nan ka cire hannu har sai ka kare kundin. Musamman in lokacin miƙawa ya matso, sabuntawar tsaro kaɗai za ka riƙa karɓa, kada ka hau sabon siga, kada ka gwada sabon ƙari. In wani abu ya rikice, ka ɗauki hoton allon da waya ka turo mini kafin ka liƙa wani umarni daga intanet, ko da dare ne a nan.

Su Khalifa suna gaishe ka, kullum sai sun tambayi yaushe Baffa zai dawo. Ka gaida ƴan uwa ɗalibai da kuke tare. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
Sani