Ga amsar tambayarka kan hutun teku

Malam, assalamu alaikum.

A taron zango ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda don amfanin masunta gwamnatin Gana ke rufe teku, me ya sa mu masu sayar da kifi muke ta ƙorafi? Ranar lokaci ya ƙure, shi ya sa na rubuto.

Ban musa ba, kifi ya yi ƙaranci. Kowa a Elmina ya san taru ba ya cika kamar da, musamman ƙananan kifayen da ake ƙyafawa a kai Kumasi da Tamale, naman talaka. Hutu ma ba baƙonmu ba ne, tun kaka da kakanni masuntan nan ba sa shiga ruwa ranar Talata.

A 2019 aka fara tsayar da kwale-kwale wata guda, daga 2021 aka mai da shi watan Yuli dungum. Da ka leƙa Chorkor, unguwar masunta a Accra, a lokacin, da ka ga murahun ƙyafa kifi sun yi sanyi, awaki kwance a gindinsu. Mai kwale-kwale ko ba komai zai zauna ɗinkin taru. Matar da ke ƙyafawa fa? Ita ta ba shi bashin kuɗin mai, bisa sharaɗin in ya kamo a hannunta zai sauke. Jarinta na kwance cikin jirgin da ke kan yashi, mai karɓar adashi kuwa bai san teku na hutu ba. Yaran jan taru, mai itace, mai koko a bakin ruwa, kowa ya naɗe hannu. Ni da kaina kifin ƙanƙara na koma saye da tsada, don kada 'yan cinikina su watse. An raba shinkafa da man girki, ba laifi, amma shinkafa ba ta biyan bashi.

Abin da ke ci mana rai shi ne saiko. Wato shekara da shekaru manyan jirage sun yi ta kwashe ƙananan kifin, su daskarar, su sayar a tsakiyar teku. Har Tarayyar Turai ta ɗaga wa Gana katin gargaɗi a 2021 kan haramtaccen kamun kifi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 2025 an cire masu kwale-kwale daga hutun, aka bar manyan jirage a ciki. Idan za a dawo da shi, a fara lissafi da matan murhu. Ka zo ranar Laraba da asuba mu je bakin ruwa, ka tambaye su da bakinka.

Wassalam,
'Yar'uwarka mai sayar da banda