Amsa ga Alhajin da Ya Tsayar da Ni a Unguwar Misfala ta Makka

Assalamu alaikum Alhaji,

Ka tambaye ni a gaban jama'a, ka kuma sa yara suka ɗauka a waya suka yaɗa: in har na ce na'ura tana ɓata ɗan Adam, me ya kai ni shiga jirgin ƙasan Haramaini zuwa Madina? Ka rufe da cewa wannan munafunci ne. Amsar maganar jirgi mai sauƙi ce. Ina shiga, gobe ma zan shiga, kilomita 450 ba wasa ba ce ga mai ciwon gwiwa. Munafuncin ne ya tsaya mini a rai, musamman daga bakin wanda ya yi karatun allo a zauren mahaifina.

Ban taɓa cewa na'ura tana sauya fiɗira ba, wato halin da aka halicci mutum da shi. Hali zanen dutse ne, marowaci ko ya riƙe waya goma marowaci ne. Cewa na yi akwai halayen da buƙata ce kaɗai ke raya su. Kakanninmu sun taso daga Kano da Sakkwato a ƙafa, suka yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, suka yi tsintar auduga a Jazira don haɗa guzuri, suka tsallaka teku daga Suwakin. Sau da yawa dare kan yi musu a ƙofar wanda ba su taɓa gani ba, dole su yi sallama. A nan baƙo ya koyi haƙuri da kunya, mai gida ya koyi kyauta. Yau alhaji zai nemi izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, taswirar waya ta kai shi masauki, ya gama ibadarsa ya koma bai roƙi kowa ko ruwan sha ba. Sauƙi ne, alhamdu lillahi, amma a ina jikansa zai koyi abin da hanya ta koya wa kakansa?

Na san maganar ba za ta yi wa mai shagon waya daɗi ba. Allah ya ƙara kasuwa.

Tunda kuma ka zama lauyan na'ura, ka tuna a 2017 a Riyad aka ba mutum-mutumin nan Sophia shaidar zama 'yar ƙasa. Mu jikokin takari, haifaffun Makka, da yawanmu har yau iƙama, wato takardar izinin zama, muke sabuntawa, wasu ma ba su da ita. Ban taɓa jin ka miƙe a taro ka tambayi wani a kan wannan ba, ballantana ka sa a ɗauka a waya.

Wassalam,
Ɗan malaminka