Abincin Kirsimeti na Jamusawa: kusan duk kayansa suna kasuwar Maradi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a jaridarka tun Disamba ba ta yi nisa ba, domin abin da za mu faɗa ba zai amfani wanda ya ji shi ana jibi biki ba.

Duk shekara, da hunturu ya kama, masu girki a otal-otal da gidajen saukar baƙi na Maradi kan sha tambaya iri ɗaya. Bajamushen da aiki ko tafiya ta riƙe a nan, ko ɗan ƙasa da ya kawo iyalinsa da suka tashi a Jamus ganin gida, sai ya ce yana marmarin abincin da suka saba ci da Kirsimeti. Amsar da aka fi ba shi ita ce babu, sai dai a Yamai. Wani kuma ya soya kaza da dankali ya ce ga abincin Turawa nan. Wannan yana damunmu, domin abincin bikin Jamusawa abincin manoma ne na lokacin sanyi: kabeji, dankalin turawa, albasa, nama da ɗan tsami. A daidai wannan lokacin ne lambunan bakin Gulbi da na Jiratawa suke fara fitar da kabeji da karas, ga albasar Galmi, ga dankalin Agadas. Abin da ake rasawa shi ne sanin yadda ake haɗa su da kuma fara shiri da wuri. Ana kuma iya yin komai ba tare da naman alade ko giya ba, mai girki bai taɓa abin da addininsa ya hana ba, baƙo kuma ya ci ya ji ɗanɗanon gida.

Kafin a sayi ko albasa ɗaya, a tambayi baƙon abu biyu: wace rana yake nufi, kuma daga wane yanki ya fito. Babban zaman iyali a Jamus daren 24 ga Disamba ne, amma abincin wannan daren a gidaje da yawa mai sauƙi ne, salak ɗin dankali da sosis. Girki mai nauyi sai ranar 25 ko 26: gasasshiyar dinya ko agwagwa, jan kabeji da suke kira Rotkohl, da dunƙulen dankali da suke kira Klöße ko Knödel.

Salak ɗin dankali iri biyu ne. Mutanen arewacin Jamus sun fi sa mayonis, na kudu kuwa romo da binega da mai. A nan mun fi ba da shawarar na kudu, don mayonis ba ya jure ɗauke wuta. A dafa dankali kilo 1 da ɓawonsa minti 20 zuwa 25, a ɓare shi da ɗuminsa, a yanka fale-fale. A tafasa romon nama kwatan lita da albasa ɗaya yankakkiya, binega babban cokali 4, mustad ƙaramin cokali 1, gishiri da masoro, a kwarara a kai da zafinsa. Man girki babban cokali 4 shi ne na ƙarshe, bayan minti 30. In aka fara zuba mai, sai ya rufe jikin dankalin romo ya kasa shiga, a samu salak mai maiƙo a waje, lami a ciki. Man gyaɗa na matsa ƙamshinsa yana danne sauran, a nemi tatacce. In ba a samu sosis na naman shanu ba, a yi musu Frikadellen, sun san shi tun suna yara: niƙaƙƙen nama giram 500, guntun burodin jiya da aka jiƙa aka matse, ƙwai 1, albasa 1, mustad da gishiri, a dunƙula a ɗan danne, a soya minti 6 kowane gefe a wuta marar ƙarfi.

Dinya irin tasu, mai kilo 4 zuwa 5, wuya gare ta a nan. Agwagwa kuwa tana gidaje da kasuwar kaji, kuma Jamusawa da yawa ita suke gasawa. Matsalar tamu ita ce yawo: namanta tauri, kitsenta kaɗan. A sayi namiji matashi da saura mako 2 ko 3, a killace shi, a ba shi dawa da masara da ruwa isasshe. A yanka da saura kwana ɗaya, a fige ƙal, a shafe da gishiri ciki da waje, ya kwana a firiji ba rufi don fatar ta bushe. Washegari a cusa masa tuffa 2 da albasa 2, a ɗinke, a tsittsira fatar da cokali mai yatsu ba tare da an taɓa tsoka ba. A ɗora a faranti mai ruwa kofi 2, wuta digiri 160, awa 2 da rabi zuwa 3, ana kwarfo romon ana zuba masa duk minti 30. A ƙarshe a shafa ruwan gishiri, a ɗaga wuta zuwa 220 na minti 15, fatar ta yi rumus. Wanda ya fara da babbar wuta zai samu fata ƙonanniya da cinya mai jini. A soka tsinke a cinya, in ruwan ya fito garau ta nuna. Wanda ba shi da murhun gashi ya sulala ta awa 1 a tukunya da albasa, sannan ya kai gidan burodi a sa masa bayan an kwashe burodi, lokacin da zafin tanderu ya ɗan sauka. Agwagwa mai kilo 2 da rabi ta ishi mutum huɗu.

Wanda bai son wahalar agwagwa ya yi Sauerbraten, naman shanu da aka tsuma a tsami. Tsokar cinya kilo 1 da rabi, dunƙule guda. A tafasa binega kwatan lita, ruwan zoborodo marar sukari rabin lita a madadin jar giyar da suke sawa, ruwa kwatan lita, albasa 2, karas 2, kanumfari 4, masoro ƙwaya 10 da ganyen loriye 2. Sai ya huce sarai kafin a tsoma nama, in ba haka ba zafin zai dafa bayansa. Kwana 3 zuwa 5 a firiji, ana juyawa kullum. Mazubin ya zama na tangaran ko roba, domin tsami yana cin tukunyar dalma, nama ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Kada a yarda da sanyin hunturu a bar shi a waje. Ranar Maradi ko a Disamba ta isa ta ɓata nama. In wuta ba ta da tabbas, a sa a kula da ƙanƙara, a tsaya a kwana 2. Ranar girki a tsane naman da tsumma mai tsabta, a soya ko'ina ya yi ja, a zuba rabin ruwan tsimin, a rufe, ya yi awa 3 a ƙaramar wuta. Mutanen yankin kogin Rayin suna sa busasshen inabi, su kaurara romon da Lebkuchen, wani biskit ɗinsu mai zuma da kayan ƙamshi. Dabino 5 yankakku, garin busasshen burodi babban cokali 3, zuma cokali 1 da ɗan garin citta sun maye gurbinsu.

Jan kabeji bai cika zuwa kasuwarmu ba, amma fari da zoborodo suna ba da launi da tsamin da ake nema. Kabeji kilo 1 a yanka siriri. A jiƙa zoborodo cikin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi 1 da rabi, a tace. A soya albasa 2 a kitsen agwagwa ko bota, a zuba kabejin da tuffa 2 gogaggu, ruwan zoborodon, binega babban cokali 3, sukari cokali 2, kanumfari 3 da gishiri. Awa 1 a ƙaramar wuta. Kada a kuskura a sa kanwa don ya yi saurin laushi, nan take jan zai koma shuɗi-shuɗi, tsamin ya mutu. A dafa shi tun jajibere, kwanan da ya yi yana ƙara masa daɗi.

Dunƙulen dankali shi ne inda ƙwararru ma suke faɗuwa, don haka za mu ɗan tsaya a kansa. A zaɓi dankalin da ya daɗe da haƙowa, sabo ruwa ya yi masa yawa. A dafa kilo 1 da ɓawo, a ɓare, a murje ta rariya da zafinsa, a baza shi tururi ya fita. Turmi da injin markaɗe haramiyarsa ne, domin duka yana fasa sitacinsa ya koma danƙo. Ga ma'aunin matan Jamus: a daddale dankalin a kwano, a raba shi huɗu, a ɗaga kashi ɗaya a ɗora kan sauran, a cika gurbin da ya bari da sitaci. Na dankali suke sawa, amma na masara ko na rogo ya yi, wajen giram 200 ke nan. A ƙara ƙwai 1, gishiri da ɗan gyaɗar ƙamshi, a cuɗa sama-sama, a mulmula kamar ƙwallon fura. A tafasa ruwan gishiri a babbar tukunya, sannan a rage wuta har tafasar ta kwanta. Ruwa mai zaɓalɓala yana wargaza su su zama kunu. A fara jefa guda ɗaya gwaji. In ya saki, a ƙara sitaci cokali 2. In ya yi tauri, a ƙara ɗan dafaffen dankali. Sauran su yi minti 20 ba murfi, sai sun taso sama. Da zafinsu ake ci, don haka su ne aikin ƙarshe.

Abin da ya fi ɓata wannan girki a hannun ɗan Maradi shi ne hannunmu na yaji. Tattasai, attarugu, kori da daddawa duk su koma gefe. Ɗanɗanon Jamusawa tsami ne da ɗan zaƙi da gishiri, da romo mai kauri da ake kwarara wa dunƙulen. Mai son yaji a ajiye masa nasa a gefen faranti.

Akwai abubuwa kaɗan da ba a samu a nan, kuma matafiyi ya fi kyau ya saka su a jaka tun daga can: Lebkuchen na birnin Nürnberg, da Stollen, burodin nan mai nauyi da busasshen inabi da birnin Dresden ya yi suna da shi, inda kasuwar Kirsimetinsu take ci tun 1434. Dukansu suna jure tafiya. Da su da kayan ƙamshinsu biyu, ƙwayar Wacholder da ganyen Beifuß da ake sa wa dinya, ba su da nauyi. Wanda zai toya Stollen a nan ya yi da saura mako 2, ya naɗe shi a leda ninki biyu, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da shi. Ya sani kuma wanda aka jiƙa inabinsa a ruwan lemo bai kai mai giya daɗewa ba, firiji ne wurinsa. Mafi sauƙi biskit ɗinsu na Plätzchen: fulawa giram 300, bota 200, sukari 100, ƙwai 1. Ƙullin ya yi awa 1 a firiji, a murza da sassafe kafin bota ta narke a hannu, a gasa minti 10 a digiri 180.

Ga tsarin kwanaki ga wanda baƙonsa zai ci ranar 25: agwagwa a saye ta kafin 10 ga wata, naman tsimi ya shiga ruwa ranar 21, biskit ranar 22, kabeji da yankan agwagwa ranar 24, dankali a ɗora shi awa 2 kafin a zauna. Masu otal kuma su sanar da mai girki tun yanzu, su ba shi kuɗin cefane da wuri, domin tuffa da bota sukan ƙara kuɗi a ƙarshen shekara.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar girki,
Maradi, Jamhuriyar Nijar