Wuyan da ya gaji ba ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin gaskiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu yi bayani kan abin da ya shafi duk wanda ke neman abinci da wuyansa a garin nan: mai ɗebo ruwa, ɗan dako, ɗan kabu-kabu, tela, mai kitso, magini. Mu ma'aikatan gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi, waɗanda a Maraɗi aka fi sani da kine.

Ba wanda bai taɓa ganin wannan ba. Mace ta taso daga famfo da bidon mai lita 25 a ka, ta yi tafiyar minti 20 ko karkacewa ba ta yi ba. An kama mata an sauke. Tana juyawa za ta shiga ɗaki sai ta yi taga-taga, ta dafa bango. Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce jininta ya yi ƙasa, wani ma ya ce iska. Yunwar na iya zama gaskiya. Amma wani lokaci laifin na wuya ne, kuma ga yadda abin yake.

Tsayuwar mutum daidai tana kan shaidu uku da ke kai wa ƙwaƙwalwa labari ba dare ba rana. Na farko ido. Na biyu can cikin kunne, inda akwai ƴan bututu uku masu ruwa da wasu ƙananan jakunkuna biyu, suna aiki kamar ma'aunin ruwan da magini ke azawa kan bulo. Na uku jikin kansa: tsokoki, gaɓoɓi da tafin ƙafa, masu sa ka san inda hannunka yake ko da idonka a rufe. To, ido da kunne duk a kai suke zaune. Labarin kai kawai suka sani. Idan kunne ya ce an karkata dama, ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar gane ko kai ne kaɗai ya karkata ko duk jikin ne zai faɗi, sai ta ji ta bakin wuya. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, kuma a wannan wuri maganar ta faɗa daidai.

Ƙashin wuya guda 7 ne, suna ɗauke da kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Tsakanin ƙashi na farko da na biyu ake samun kimanin rabin waiwayen da mutum ke yi. A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙananan tsokoki huɗu a kowane gefe, ko girman ɗan yatsa wasunsu ba su kai ba. Ƙarfinsu kaɗan ne, amma cike suke da wasu ƴan zaruruwa masu siffar mazarin kaɗi, da ke auna yadda tsoka ta miƙe da saurin miƙewarta. Idan aka ɗauki giram ɗaya na tsokar ƙeya aka gwada da giram ɗaya na tsokar ɗuwawu, mazaran ƙeya sun ninka sau da yawa. Allah ya yi su ne don aunawa. Tun a 1977 wasu likitoci, de Jong da abokan aikinsa, suka nuna muhimmancinsu: sun yi wa mutane masu lafiya allurar kashe zafi a gefe ɗaya na wuya, sai mutanen suka kama tangaɗi suna jin kamar ana jansu gefen da aka yi allurar, alhali ba abin da ya taɓa kunnensu ko idonsu.

Gajiya tana yin irin aikin allurar nan, sai dai a hankali. Tsokar da ta daɗe a ɗaure tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, dattin aiki ya taru, ya tsokani jijiyoyin da ke saita mazaran nan, sai ma'aunin ya goce. Kai yana tsakiya, wuya ya ce ya ɗan karkata. Ko ya karkata, wuya ya ce yana tsakiya. Shaidu sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta shiga gyaran abin da bai ɓaci ba, jiki ya kama layi. A 2003 Schieppati da abokan aikinsa a Italiya sun sa mutane riƙe nauyi da tsokar bayan wuya har ta gaji, sannan suka tsayar da su kan faranti mai auna rangajin jiki. Rangajin ya ƙaru, kuma ya fi fitowa fili idan ido a rufe yake.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damunmu. Muddin da haske, ido yana rufa wa wuya asiri. Amma a duba lokacin da ma'aikacin Maraɗi ke tashi daga aiki: gab da magariba, wuya ya gama gajiya, haske ya fara janyewa, a watannin hunturu ga hazo. Lungunan unguwanninmu kuma yashi ne, ƙafa na nutsewa, tafin ƙafa ba ya samun ƙasa mai tauri da zai ba da labari a kanta. Shaidu biyu sun raunana tare, an bar kunne shi kaɗai. A daidai wannan lokaci ne magini da ya wuni yana ɗaga kai yana shafe rufin ɗaki ke saukowa daga tsani, ɗan kabu-kabu ke ratsa kwana, tsohuwa ke tsallake kwata.

Ba sai an ɗauki kaya ba wuya ke gajiya. Duƙar da kai ma kaya ne. Lissafin da likita Hansraj na Amurka ya fitar a 2014 ya nuna cewa idan kai ya sunkuya digiri 15, wuya na jin kamar kilo 12. A digiri 30, kilo 18. A digiri 60, kilo 27. Ke nan telan da ya kifa kai kan keke tun hantsi, da mai gyaran salula, da yarinyar da ke latsa waya a cinya, kamar bidon suke ɗauke da shi ba gammo.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, wanda Revel na Faransa ya fito da shi a 1991. A samu ƴar fitilar nan mai jan ɗigo da ake sayarwa haɗe da maƙalin makulli, a ɗaure ta tsam a saman hula yadda ba za ta motsa ba. A zauna kan kujera mai jingina, tsakanin kai da bango santimita 90. A kalli gaba sosai, wani ya sa alama da alli inda ɗigon ya sauka. A rufe ido, a waiwaya dama iya iyawa, a dawo inda ake jin nan ne tsakiya, a tsaya. Mai taimako ya sa alama. A maimaita sau 6 dama, sau 6 hagu, kowane karo a buɗe ido a koma kan alamar farko kafin a sake. Idan matsakaicin kuskuren (nisan alamomin daga alamar farko) ya wuce santimita 7, wato digiri 4.5, ma'aunin wuya ya goce. Abubuwa uku ke ɓata gwajin: hula mai zamewa, juya kafaɗa tare da kai, da leƙe ta ƙasan ido. A yi shi da safe, a sake yi bayan tashi daga aiki; bambancin shi ne aikin gajiya. Kada a haska fitilar a idon kowa. Wanda ba shi da ita ya tsaya a kusurwar ɗaki, ya haɗe ƙafafu, ya rufe ido daƙiƙa 30, wani na tsaye kusa da shi yana duba ko zai yi tangaɗi.

Ga mai ɗaukar kaya a ka, gammo ya zauna a tsakiyar kai, kada ya zamo wajen goshi, don duk zamowar da ya yi tsokar ƙeya ce ke biya. A ɗora da mutum biyu, a sauke da mutum biyu. A ɗorawa da saukewa ana iya ji wa wuya rauni. Da kaya a ka ba a waiwaye da wuya, duk jiki ake juyawa. Bidon da bai cika ba ya fi cikakke wahalar da wuya, saboda ruwan na kai da kawowa, wuya na binsa da gyara a kowane taki. Iyayenmu mata da ke jefa ganye ko ƴar ƙwarya a kan ruwan bokiti sun san abin da suke yi. Gara sawu biyu da bidon mai lita 10 cikakke da sawu ɗaya da mai lita 25, musamman ga yara, waɗanda ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Bayan an sauke, a dafa bango minti 2, ido kan abu ɗaya da ba ya motsi, kafin a duƙa bakin rijiya, a kusanci murhu ko a tsallaka titi.

Ɗan kabu-kabu kuwa, kada wani ya karanta wannan wasiƙa ya ce mun ce kaske na gajiyar da wuya don haka a ajiye ta. Nauyinta bai kai kilo 2 ba, kuma ita ce tsakanin ƙoƙon kai da kwalta. Wadda ta yi wa kai yawa ce matsala, mai rawa a kowane rami, wuya na ta fama da riƙonta. A sayi daidai kai, a ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. A mayar da madubin da aka cire, don ya rage waiwaye. Mai doguwar hanya, ta Madarunfa ko Ɗan Isa ko Gidan Rumji, ya tsaya duk bayan awa guda ya sauka ya taka ƙasa. Muna kuma roƙon matasanmu da babbar murya su rabu da tramol. Tana ɓoye gajiyar ne ba ta cire ta ba, ita kanta kuma tana kawo jiri, tana iya kawo farfaɗiya a kan moto.

Tela da mai kitso da mai zama ofis su ɗaga aikin zuwa ga ido maimakon kai ido ga aikin: bulo ɗaya a ƙarƙashin tebur, ko a zaunar da wadda ake yi wa kitso kan kujera mai ɗan tsayi. Duk minti 30 a miƙe.

Sai horon tsokar. A kwanta rigingine kan tabarma, a naɗe ɗan tawul a sa ƙarƙashin ƙeya. A sauko da haɓa a hankali kamar mai gyaɗa kai ya ce to, ba tare da kai ya bar ƙasa ba. A riƙe daƙiƙa 10, a saki, sau 10, safe da yamma. Tsokokin da ake nema suna can ciki, manne da gaban ƙashin wuya, kuma motsin ƙarami ne ƙwarai. A nan mutane ke kuskure: suna sa ƙarfi. A aza yatsa kan manyan jijiyoyin gefen wuya. Idan sun miƙe kamar igiya, ko an cije haƙora, ko an riƙe numfashi, to manyan tsokoki sun ƙwace aikin, a saki a sake da rabin ƙarfin. Bayan haka a zauna, a kafa ido kan ƙusa a bango, a riƙa juya kai dama da hagu a hankali daƙiƙa 30 ba tare da ƙusar ta dushe ba. Gwajin fitilar nan ma horo ne: a rufe ido, a waiwaya, a dawo, a buɗe ido, a gyara. A ba abin mako 6 kafin a yanke masa hukunci. Abin ɗaure wuya na soso, in ba likita ya sa ba, a bar shi. Daɗewa da shi na ƙara wa tsokar lalaci. Kada kuma a yarda wanzami ko mai tausa ya murɗe wuya da ƙarfi don ya yi ƙara. Manyan hanyoyin jini biyu da ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙashin wuya suke bi, kuma murɗiya na iya yaga su.

Kama da wane ba ta wane. Jirin wuya yakan zo kamar layi ko rashin nauyin kai, tare da ciwo ko ƙagewar dokin wuya, ya lafa idan an huta. Idan ɗaki ne ke juyawa kamar hajijiya na ƙasa da minti guda duk lokacin da aka juya a shimfiɗa, yawanci kunne ne, kuma yana da gyara mai sauƙi a asibiti. Idan duhu ke rufe ido da an miƙe tsaye, a auna tansiyo da yawan jini, a tuna da ƙishirwar Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Amma jiri da ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, gani biyu-biyu, wahalar haɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nufi asibiti a wannan sa'a, ko da ya lafa. Sandarewar wuya da zazzaɓi, musamman a rani, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Wanda ya faɗo daga moto ko tsani yana kukan wuya, kada a ɗaga shi zaune, kada a cusa shi cikin adaidaita a lanƙwashe. A riƙe kan yadda yake, a ɗauke shi kan allo.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, teloli da ƴan dakon babbar kasuwa shi ne su karanta wa mutanensu wannan a wurin taro, don da yawa cikinsu ba jarida suke bi ba. Kai kuma, ranka ya daɗe, idan da hali a haɗa wasiƙar da zanen da'ira mai faɗin santimita 14 da ɗigo a tsakiyarta, yadda mai karatu zai kwafa a takarda ya manna a bango ya yi gwajin.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi,
Maraɗi.