Godiya ga masu gidan kallo na bakin kasuwa a Mabera

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran da ke aiki ƙarƙashinka. Na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a saboda shirin dabbobin da kuke sa ma ɗiyanmu kyauta duk Asabar da safe kafin a fara ƙwallo, ga tsadar fetur ga janareta na ci amma ba ku taɓa karɓar ko naira guda hannun yaro ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne matashin nan da kunka ajiye gaban talabijin yana fassara musu da Hausa, in an zo wurin mamaki ya rage murya ya yi bayani. Ranar da anka nuna gaiwa ina wurin. Kifin da muke gani fadamar Kwalkwalawa nan Sakkwato, ashe in fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta bar ƴar ƙofa tana shaƙar iska don tana da huhu, ta kwanta watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Yaran sunka yi tsit, wani ɗan masunta ya miƙe ya ce wallahi babanshi na haƙo ta da rani cikin busasshiyar ƙasa, nan take wuri ya kaure kowa na tambayar shi.

Sai kuma buzuzu, wanda yara ke takewa a hanya. An nuna binciken da anka yi Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2013, cewa akwai irin buzuzun da ke bin hasken jerin taurarin sama da dare don ya mirgina kashin shanu a miƙe bai karkace ba. Tun daga lokacin ƙaramin ɗana ya hana a kashe su gidanmu, in ya ga guda sai ya durƙusa yana binshi da ido. Zakuna da kadojin dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya ma sun gani sun yi ihu, amma waɗanga na gida su ne sunka zauna musu a rai.

Roƙona Alhaji, a ware benci biyu gaba don yara mata, suna zuwa amma maza na rigansu wuri. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan magabata.

Naku, wani uba daga Mabera, Sakkwato.