Zuwa ga 'yata, a kan neman mujallun ilimin kiɗa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Mahaifiyarki ta ce kwana uku kika yi kina dannar Google, har kin yanke cewa babu wanda ya taɓa rubutu a kan abin da kike bincike. An rubuta, 'yata. Ƙofar da kika bi ce ba ita ba.

Ki fara da RILM, wani rumbun bayanai na binciken kiɗa. Barry Brook ne ya kafa shi, kuma tun 1967 yake tattara taƙaitaccen bayanin abin da aka rubuta game da kiɗa, littafi ne ko maƙala ko kundin digiri, a harsuna masu yawa. Sau da dama ba zai ba ki maƙalar ba, sai dai ya ce miki tana nan, ga mujallar, ga shekarar. Da wannan a hannu sai ki nufi JSTOR, ma'ajiyar mujallun ilimi ta intanet. Idan makarantarku ba ta biya kuɗin shiga ba, ki yi rajista da sunanki, suna barin mutum ya karanta wasu maƙalu kyauta. Amma ki sani, fitowar shekaru uku zuwa biyar na baya-bayan nan galibi ba ta can. Ita sai a shafin mujallar.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne rubutun suna. Kin rubuta "goge", abu kaɗan ya fito, kin rufe kwamfuta. To wani "goje" ya rubuta, wani "gonje", wani ma bai kira sunan ba, siffanta shi kawai ya yi da cewa mai tsirkiya ɗaya ne da ake gogawa. Na'ura ba ta san duk abu ɗaya ba ne. Ki gwada kowanne, ki gwada da Faransanci da Jamusanci, don Jamusawa sun daɗe a wannan fage.

Ƙamus ɗin kiɗa na Grove, wanda bugunsa na 2001 ya kai juzu'i 29, yanzu yana intanet. Ni bayaninsa bai dame ni ba kamar jerin littattafan da ke ƙasan kowane bayani. Daga can nake kamo bakin zare. A mujallu kuwa ki riƙa leƙa Ethnomusicology, da African Music wadda Hugh Tracey ya fara a 1954. RISM na tsofaffin rubuce-rubucen kiɗa na hannu ne, ki bar shi sai buƙata ta taso.

Duk mujallar da ta turo miki saƙo tana yabonki, ta ce ki biya kuɗi a buga miki cikin mako guda, kada ki ba ta aikinki, kada kuma ki kafa hujja da ita. In kina shakkar wadda ake karantawa kyauta, duba ko tana cikin DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance.

Kuma don Allah ki riƙa rubuta lambar shafi tun kina kan karantawa. Lokacin da nake nawa kundin, na kwafi wata jimla a bayan ambulan, ba sunan marubuci, ba shafi. Kwana tara ina juya mujallu masu ƙura ina atishawa, ƙarshe cire ta na yi, alhali ita ce ta fi ƙarfi a babin.

Abin da ya gagara samuwa, ki kai wa ma'aikacin laburare, yana iya aro miki daga wani ɗakin karatu. Ko ki rubuta wa marubucin kai tsaye, da yawansu da murna suke turowa.

Ki turo mini jerin kalmomin da kika gwada in gani. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.