A Bar Masu Wucewa Su Sa Hannu a Zanen Bango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan zanen da ake yi a bangayen tituna, musamman irin wanda ake gayyatar masu wucewa su sa hannu a cikinsa.

A shekarar 2011, wata mai zane, Candy Chang, ta shafa baƙin fenti a bangon wani kango a birnin New Orleans na Amurka, ta rubuta farkon jimla game da abin da mutum yake burin yi kafin ya bar duniya, ta ajiye alli, ta bar wa jama'a su ƙarasa. Mutane suka cika bangon da burace-buracensu, daga baya aka kwaikwayi aikin a ƙasashe da dama. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mai wucewa yake tsayawa ya karanta damuwar wanda bai taɓa gani ba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki alli ya ƙara tasa.

Shirin zanen bango na birnin Philadelphia na Amurka, wanda aka fara a 1984 domin magance rubutun barkatai a bangaye, shi ma yakan zauna da mazauna unguwa kafin a taɓa fenti, kuma a ganina mutum ba ya yarda a ɓata bangon da ya sa hannu a kansa.

Don haka ina kira ga hukumomin da ke ɗaukar nauyin irin wannan aiki su riƙa tambayar mazauna wurin abin da suke so a zana, su kuma ware kuɗin gyara zanen idan rana da ruwan sama suka kashe launinsa.

Naku,
Mai karatu